Yadda San Tebaldino Ya Zubar da Gemunsa

Kowa a Firenze ya san ba gidan Bencivaldi ne ke mulkin gari ba. An sani ne saboda maigidan, Messer Bindo, ba ya gajiya da faɗa. "Ni ɗan gari ne kamar kowa," haka yake cewa, yana tafe a kan tsohon alfadarinsa, sanye da wata koɗaɗɗiyar riga mai ruwan toka. Majalisa ce ke mulki. Sai dai wani ikon Allah, duk wanda ƙuri'a ta faɗa masa ya shiga majalisar, in ka bi salsala sai ka tarar ko surukin Bindo ne, ko wani ne da bankin Bindo ya taɓa rufa wa asiri. Mu dai mun saba, ba ma tambaya. Mutumin da ya yi wa cocinku sabon rufi, ya cika dandali da mutum-mutumin marmara, ya kwashe duk wani mai zane da ke yawo da yunwa a gari yana ciyarwa, ai ba a tare shi a hanya a ce ya yi bayanin yadda ake ƙuri'a.

Matarsa, Monna Dianora, ta kusa shekara arba'in a gidan wannan ɗan gari kamar kowa, don haka ta san abin da mu ba mu sani ba. Ta san rigar ruwan tokar nan akwai irinta cike da akwati, kuma in an ɗinka sabuwa, mai kula da dawaki ake ba ya sa ta har ta koɗe kafin maigida ya karɓa. Ta san ba a taɓa jefa wata ƙuri'a da mijinta bai riga ya san sakamakonta tun wajen karin kumallo ba. Gajeriyar mace ce, mai faɗa, ba ta iya ɓoye fushi ba. In ta kira shi Bindo, lafiya lau. In kuwa ta ce "Messer", wato ranka ya daɗe, sai barori kowa ya tuna yana da aiki a bayan gida.

'Ya'yanta maza biyu ne. Doffo, babban, shi ke zama a banki. Bai taɓa yin kuskure ba, bai kuma taɓa sa wani dariya ba. Lapo, autan, shi ne akasin haka ta kowace fuska, kuma shi ne ran uwarsa, ba ta ma ɓoyewa.

A cocin unguwarsu gidan Bencivaldi na da ɗakin addu'a nasu na kansu, bangonsa ɗaya zane ne daga ƙasa har sama. San Tebaldino ne a tsaye a gaba, riƙe da igiyar alfadari, dangin Bencivaldi kaf suna biye da shi a jere. Ba wanda ya san takamaiman abin da San Tebaldino ya yi har ya zama waliyyi. Wasu sun ce ya warkar da alfadari, wasu sun ce alfadarin ne ya warkar da shi. Abin da kowa ya sani shi ne ƙa'idar bangon: wanda ke jikinsa ɗan gida ne, wanda aka cire an cire shi har abada. Akwai wani kawun Bindo da ya auri 'yar abokan gaba, aka shafe shi daga zanen, yanzu itacen zaitun ne a gurbinsa can gefe. In ka duba da kyau za ka ga ƙafa ɗaya da takalminta a gindin itacen.

Waliyyi kuwa dole sai an ara masa fuskar wani mai rai. Lokacin da ake zanen, mai zanen ya bi mazan gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ga dogon hanci, ga 'yan mitsi-mitsin idanu, ya ce shi yana tsoron Allah, ba zai yi wa waliyyi haka ba. Lapo ne kaɗai ya ɗauko fuskar uwarsa. Ta haka yaron da bai taɓa zama a coci har a tashi ba ya zama San Tebaldino, tsofaffin mata suna durƙusa masa kowace safiya.

A bikin shagalin da ake yi kafin babban azumi ne Lapo ya tafka ta. Ya sha giya ya yi tatil, ya samo jaki, ya yafa masa jar alkyabba irin ta 'yan majalisa, ya ja shi ya hau matakala har cikin zaure, dattawa suna tsakiyar zama.

"Ku matsa masa," in ji shi. "Babana ne ya aiko shi. Yadda ya zaɓo ku, haka shi ma ya zaɓo shi."

Jakin kuma, don kada a ce ya zo majalisa bai ba da gudummawa ba, ya yi abin da jakuna ke yi a kan daɓen marmara.

Gari ya yi ta dariya har cikin azumi. Bindo bai yi ba. Shi kansa ya sa aka ɗauke shi zuwa majalisa, ƙafarsa a kumbure da ciwon nan na masu kuɗi, ya roƙa da bakinsa a kori yaron zuwa garin Ancona can bakin teku, kada ya sake taka Firenze. Ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse ba zai ƙara ambaton sunansa ba, ba kuma zai taɓa roƙon a dawo da shi ba. Dattawa suka yi ta jinjina kai, suna cewa ba a taɓa ganin adali irin wannan ba.

"Jaki ne fa, Messer!" Dianora ta tare shi tun daga ƙofa. "Jaki! Wa ya mutu?"

"Da mutum ya kashe ai da sauƙi," in ji Bindo, yana ɗingishi ya wuce ta. "Wannan sai mu gina asibiti a manta. Gaskiya ya faɗa a bainar jama'a."

Saura bango. Aka kira Maestro Puccio, wanda ya yi zanen tun farko, mashayi ne mai bakin tsiya, amma hannunsa ba na biyu. Suka haɗu a ɗakin addu'ar. Bindo na zaune da ƙafa a naɗe, Doffo na tsaye kusa da shi, Dianora ta rakuɓe a baya don ba wanda ya isa ya hana ta shiga.

"Hanya biyu ce, ranka ya daɗe," in ji Puccio. "Fuskar nan a kan ɗanyen yaɓe na zana ta, bango ya shanye fentin. Ba ta fita sai an sa guduma an fasa wurin, an sake yaɓe, in zana wata. Ko kuma in bar ta, in shafa wata fuskar a kanta. Amma fenti a kan busasshen bango kwalliyar tsohuwa ce, ba ya son a taɓa shi."

"A fasa, Baba," in ji Doffo. "A gama magana."

Bindo ya lumshe ido. "Wanne ya fi arha?"

"Shafawa mana."

"To shafa."

"Ranka ya daɗe, na dai faɗa maka ba ya..."

"Na tambaye ka?"

Dianora ta ji kamar ta shaƙe shi. "Ɗanka ne za ka binne da ransa, Messer, a nan ma sai ka nemi ragi?"

Bai ko waiga ba.

Ta tsaya tana kallo har aka gama, don ta ce ba za a rufe mata ɗa ba ta nan ba. Puccio ya hau tsani ya manna wa yaron gemu fari har ƙirji, ya cika kumatu da tamoji, ya jawo hular alkyabba ta rufe goshi, ya maida idanu wasu na daban, ja-ja, masu kumburi. Kafin yamma San Tebaldino ya tsufa da shekara hamsin, ya koma kamar mai gidan hayar da Puccio ke faɗa da shi. Dianora ta yi kuka har muryarta ta dushe. A ranar ta tsani mijinta, tsana ta gaske, har ta ji tsoron kanta.

Ba a daɗe ba aka kawo sabon bencin durƙuso ɗakin, wani dogo mai nauyi, mai matakala kamar ta hawa gado, aka kafa shi jikin bango daidai ƙasan waliyyin. Bindo ya ce saboda ƙafarsa ne. Dianora ta ce a ranta, ga kuɗin benci amma babu na tausayi.

Takan zo da tsakar rana, lokacin da gari ya rufe shaguna kowa ya tafi cin abinci da rintsawa, ta buɗe ƙofar baya da mabuɗinta. Ba addu'a ke kawo ta ba. Zama take yi tana kallon tsohon nan tana neman ɗanta a ƙarƙashinsa. Wata rana kewa ta ci ƙarfinta, ta tattare riga ta hau matakalar bencin har sama, ta miƙa hannu don ta shafa inda haɓarsa take. Farcenta ya kama wani abu. Wani ɗan ɓarɓashi fari ya faɗo. A wurin da ya fita sai ga fata mai ruwan alkama, da 'yar lotsawar nan ta tsakiyar haɓa da ta sumbata tun yana goye.

Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ƙara karcewa kaɗan.

Daga ranar ta samu sana'a. Ba ta yin da yawa, kullum kamar faɗin ƙwayar wake, ta sauko ta goge farce a cikin hannun riga, ta koma gida da fuskar mai ibada. Ita dai haɓar ɗanta take son gani, ba ta da wata dabara da ta wuce wannan. Tsofaffin matan unguwa ne suka ɗauki maganar suka kai ta inda ba ta zata ba. Wata mai sayar da dafaffen tumbi a bakin gada ta durƙusa da safe, ta ɗaga kai, ta kurma ihu: waliyyi yana zubar da gemu!

Limamin cocin, Fada Ilario, mutum ne mai tumbi da saurin gane alheri. Kafin a ce me, ya sa an share ɓarɓashin gemun ana zubawa a 'yan kwalabe. Mata suka riƙa jiƙa shi suna ba yara don tari. Wani gurgu ya ce ya ji sauƙi a ƙafa ɗaya, ya yi alkawarin dawowa saboda ɗayar. Layi ya kai har bakin titi, masu sayar da kyandir suka yi sababbin riguna. Mu mutanen Firenze ba mu yarda da kowa ba, ko uwarmu ta ba mu canji sai mun duba, amma a nuna mana bango yana ɓarewa sai mu zube a gwiwa.

Daga nan surutu ya canja salo. A shagunan aski aka fara cewa waliyyi ya ƙi fuskar da aka ba shi, tsohuwar yake so. Wasu suka ce a'a, zafi ne ya dame shi ya yi aski. 'Yan majalisa, waɗanda har yanzu in jaki ya yi kuka a titi sai su tsargu, suka ce haɓa da leɓe ba hujja ba ce, kowa na da su. In dai idanun yaron suka fito, to wannan magana ce daga sama, dole a zauna a kanta. Dianora ta ji wannan daga bakin mai yi mata kitso. Ashe ba fuska kawai take tonowa ba. In ta kai ga idanu, ɗanta zai iya dawowa gida.

Doffo ne ya kawo maganar wajen cin abinci. Ana shan miyar wake da burodi, ya ajiye cokali.

"Baba, an maida mu abin dariya. Jiya wani ɗan kasuwa daga birnin Genova ya tambaye ni ko bankinmu ma fenti ne a kan busasshen bango. Tun farko na ce a fasa."

"Kai ka taɓa cewa a gina wani abu kuwa?" in ji Dianora.

"Mama, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake. Ƙaninka ne, mai busasshiyar zuciya!"

Bindo ya ci gaba da tsoma burodi a miya, kamar ba a ɗakin yake ba. Sai da ya shanye tas ya goge baki.

"Ba a taɓa bango kafin idin waliyyi, mutane za su yi tsegumi," in ji shi. "Washegarin idi, a zo da guduma."

Idin kuwa ya ƙarato, har an fara wanke tutoci. Dianora ta daina awon ƙwayar wake, ta koma karcewa da hannu biyu. Gemu ya tafi, leɓe ya fito da murmushin nan nasa na marar kunya. Amma a nan tsawonta ya ƙare. Ko ta yi ɗage har yatsun ƙafarta su yi tsami, farcenta ba ya wuce ƙasan hanci. Ta zagi uwarta da ta haife ta gajeriya, ta nemi gafara, ta ɗauko matashin durƙuso biyu ta ɗora a kan bencin ta hau. Matasan durƙuson suka zame. Ta faɗo a kan hannun dama, ta ji ƙas.

Ta ce wa mutanen gida santsi ne ya kwashe ta a matakala. Mai ɗori ya ɗaure hannun da katako, ya ce ta kwanta. Ta kwanta tana kallon rufi, ba zafin karayar ke sa ta hawaye ba. Ta kai ɗanta har hanci, ta kasa ƙarasawa, kuma guduma na nan tafe.

Kwana kaɗan sai mai kitso ta shigo tana haki. "Uwargida, kin ji? Hanci ya fito!"

"Hancin wa?"

"Na waliyyi mana! Da kumatu ɗaya!"

Tsoro ya kama Dianora. Ita ta san wadda ke yi wa San Tebaldino aski, kuma ga ta nan kwance da hannu a katako. Ta yi watanni tana ƙarya da sunan waliyyi, ashe yana kallo, yanzu ya karɓi aikin da kansa. Ta ja bargo ta rufe kai, ta yi addu'ar da ba ta yi irinta ba tun tana budurwa. Ta nemi gafararsa, ta nemi ta alfadarin ma, don ba ta san wanne ne mai karamar ba. Da tsoro ya ɗan lafa, hankalin 'yar Firenze ya dawo mata, ta aika a kira Puccio.

"Kai ne?" ta tambaye shi, ko gaisawa ba su yi ba.

"Ni? Haba, ranki ya daɗe. Tsanin da aka biya ni in hau ma sai an roƙe ni."

"To Fada Ilario."

"Da wannan tumbin? In ya hau benci, sai dai a zana shi a ƙasa." Puccio ya sosa ƙeya. "Ai na je na gani. Aikin ƙasa mai tsabta ne, hannun mace ne mai haƙuri, ban dai ce na san ta ba. Na sama kuwa ɓarna ce. Da ƙarfe ake yi, an karce mini kumatu har wuri biyu."

"Kana nufin ba waliyyi ba ne?"

"Ni ban san harkar waliyyai ba, ranki ya daɗe. Amma in shi ne, to hannunsa na rawa."

Jajiberin idi ya zo, idanu ba su fito ba. Hular alkyabba na nan a goshi, jajayen idanun mai gidan haya na nan suna harara daga fuskar Lapo. Dianora ta ce ko waliyyi ne ko aljani, ya cika nawa. Da rana ta take, gida ya yi tsit, ta tashi ta yafa mayafi, ta soke dogon cokalin miya a hammata don ya kai mata inda farce bai kai ba, ta fita ta ƙofar barori. Ba ta san yadda za ta hau benci da hannu ɗaya ba. Ta dai san ba za ta kwanta a gado a fasa mata ɗa ba.

A bayan coci, ƙarƙashin itacen ɓaure, ta tarar da tsohon alfadari a ɗaure yana korar ƙuda da wutsiya. Ta tsaya ta kalle shi, shi ma ya kalle ta. Ta buɗe ƙofa a hankali.

Messer Bindo Bencivaldi, wanda sarakuna ke aiko wa jakadu suna jira a zaure, yana tsaye a saman bencin durƙuso da ƙafa ɗaya, kumburarriyar ya ɗage ta kamar zakara a ruwan sama. Hannunsa na hagu na dafe da bango. Na dama ya ɗaga sandar tafiyarsa, yana karce goshin waliyyi da ƙarfen bakinta. Zufa ta jiƙa rigar ruwan toka, farin ɓarɓashi ya cika masa gira. Bencin na ta girgiza.

"Messer!"

Bai firgita ba, bai ma juyo ba. "Riƙe mini bencin nan, mace. Tun ɗazu yake neman kashe ni."

Ta tsaya baki buɗe. Sai da bencin ya ƙara karkacewa ta yar da cokali ta ruga ta danne shi da hannun hagu da gwiwa.

"Kai ne? Duk kwanakin nan kai ne?"

"Da wa kike so ya yi? Ma'aikaciyata ta je ta karya hannu."

"Ka sani?"

"Dianora, kullum kina zama gabana da farin fenti a farce kina yanka burodi. Wa kike tsammani ya sa aka kawo wannan dogon bencin? Ni da ba na iya durƙusawa? Na sa an auna tsawonki, kafintan ne ya cuce ni da taki ɗaya."

"To gudumar fa? Kai ka ce a zo da guduma!"

"Kin cika nawa. Gemu ɗaya kin cinye rani a kansa. Na ce bari in sa miki wuta."

Ta rasa ko ta yi kuka ko ta saki bencin ya faɗo. "Ka bar ni ina tsanar ka, Bindo. Na tsane ka, ka sani? Har na yi addu'ar ciwon nan ya hau ɗaya ƙafar."

"Ya hau," in ji shi. "Da kin san komai, da fuskarki ta faɗa wa gari kafin a tashi daga coci. Ke ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa na bar ki da tsana ta gaskiya." Ya numfasa, ya sake ɗaga sandar. "Na rantse ba zan roƙa ba, kuma ba zan roƙa ba. Gobe bayan addu'ar idi wani zai tashi a majalisa ya ce waliyyi ya yi magana, a dawo da wanda aka kora. Ni kuma zan tashi in ƙi, in buga sanda, in tuna musu da jaki. Sai a jefa ƙuri'a su kayar da ni."

"Su kayar da kai? Su wa?"

"Kin ga wahalar ke nan. Tunda nake ban taɓa shan wuya irin ta neman masu kayar da ni ba. Biyu sun fashe da kuka, sun ɗauka gwada su nake yi. Ɗaya ya gudu ƙauye."

Dariya ta kuɓuce mata, ta haɗu da hawaye, ta shaƙe ta. Ta kifa goshi a jikin bencin tana tari.

"Ki daina girgiza ni. Saura idanu."

"To ka bi a hankali, Puccio ya ce kana ɓarna. Hagu kaɗan. Hagu na ce, Bindo, wannan ai kunnensa ne!"

Ya bi hagu. Ƙarfen ya shiga ƙarƙashin fentin, wani faffaɗan ɓawo ya ɗago ya faɗo gaba ɗaya, ya tarwatse a kan kafaɗarta. Ta ɗaga kai. Ga gira, ga ɗan tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga itacen ɓaure, ga idanun nan biyu suna kallon su suna dariya, kamar yanzu ya shigo da jaki.

Bindo ya sauke sandar. Ta kalle shi daga ƙasa. Sai a lokacin ta lura da yadda ya rame, rigar ta yi masa yawa a wuya. Tausayinsa ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun suna yara.

"Yana cin abinci kuwa a can?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na san masu alfadarai na kawo miki labari. Yaron ba ya son kifi."

"Yana ci. An ce har ya yi ƙiba." Ta share ido da kafaɗa. "Ba yaro ba ne sunansa."

"Na yi rantsuwa, mace."

"Ni ban yi ba. Lapo. Sunansa Lapo."

Tsohon ya ɗora tafin hannu a kan kumatun da ya karce, yana shafawa da babban yatsa.

"Kunnena ya yi nauyi kwanan nan," in ji shi. "Sake faɗa."